Kafin a Taɓa Zuciyar Mutum, a Faɗa Masa Shi Ne na Nawa

Takardar da ake miƙa wa mara lafiya ya sa hannu kafin a shiga da shi ɗakin tiyata tana ɗauke da abubuwa da yawa: sunan aikin, haɗarin zubar jini, haɗarin shanyewar ɓarin jiki, har da mutuwa, wadda akan rubuta can ƙasa. Abin da ba kasafai ake samu a cikinta ba shi ne adadin mutanen da likitan da zai yi aikin ya taɓa yi wa irinsa, da yadda suka ƙare. A ganina wannan bayanin ya fi sauran duka nauyi idan aikin sabo ne, kuma a kansa aka fi yin gum. Ra'ayina shi ne, duk likitan da zai yi wa mutum sabon aikin zuciya wajibi ne ya faɗa masa, tun ba a tambaye shi ba, shi ne na nawa a hannunsa, kuma cikin waɗanda suka riga shi nawa suka tashi, nawa ba su tashi ba.

Kada a ɗauka ina adawa da sabon abu. Bawul, wato 'yar ƙofar da ke buɗewa da rufewa a bakin babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, yakan ƙandare da tsufa, ya tsuke, mutum ya riƙa haki da ya ɗan taka, wani lokacin ya yanke jiki ya faɗi. A da hanya ɗaya ce: a tsaga ƙashin ƙirji, a ɗora mutum a kan injin da ke yin aikin zuciya da huhu, a tsayar da zuciyar, a yanke tsohon bawul a ɗinka sabo. Tsofaffi da yawa jikinsu ba ya ɗaukar wannan, sai a sallame su gida su jira abin da Allah zai yi. Ranar 16 ga Afrilu, 2002, a birnin Rouen na Faransa, Alain Cribier ya sa wa wani mutum mai shekara 57, wanda likitocin fiɗa suka ce ba zai jure tiyata ba, sabon bawul ta cikin jijiya ba tare da an buɗe ƙirjinsa ba. Yau aikin ya zama ruwan dare: a huda jijiyar cinya, a zura siririn bututu ɗauke da bawul da aka naɗe a jikin ragar ƙarfe, a bi da shi har zuciya ana kallo a allo, a buɗe shi a cikin tsohon. Mutum na iya komawa gida bayan kwana ɗaya ko biyu. Jama'a masu ɗimbin yawa sun ci moriyar wannan ne saboda wani ya yarda ya zama na farko.

Sai dai sabunta iri biyu ce, kuma takardar sa hannu takan cuɗa su wuri guda. Akwai aikin da duniya kanta ba ta gama saninsa ba. Akwai kuma wanda duniya ta sani, amma hannun wannan likitan da ma'aikatan wannan asibitin bai faɗa da shi ba tukuna. Alƙaluman da ake karanta wa mara lafiya, a ce masa mutum biyu cikin ɗari ne ke rasuwa, galibi daga manyan cibiyoyin da suka yi aikin sau ɗaruruwa aka samo su. Idan likitan da ke zaune a gabanka sau huɗu ya taɓa yi, wannan biyu cikin ɗari na wasu ne. A zahirin lafazi bai yi maka ƙarya ba, amma ka sa hannu a kan wata kasada, za a shigar da kai wata daban.

Dashen zuciya ya nuna haka tun da wuri. Christiaan Barnard ya yi na farko ranar 3 ga Disamba, 1967, a asibitin Groote Schuur da ke Afirka ta Kudu, mara lafiyar ya rayu kwana 18. Da labari ya bazu, kowane babban asibiti ya so a ce shi ma ya yi. A 1968 kaɗai an yi dashe wajen ɗari a faɗin duniya, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka wuce wata uku. Ɗinkin ba shi ne matsalar ba, jiki ne ke ƙin baƙuwar zuciya, kuma da yawa daga masu yin aikin ba su shirya wa hakan ba. Ba a jima ba akasarinsu suka janye, aka bar 'yan kaɗan irin su Norman Shumway na Jami'ar Stanford suna lallaɓawa, har maganin saikulosforin, mai hana jiki ƙin baƙuwar zuciya, ya zo a farkon shekarun 1980.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai dai na jarirai ne. Akwai jaririn da ake haifa manyan jijiyoyin zuciyarsa biyu sun yi musayar wuri, jinin da ya dawo daga jiki ya sake komawa jiki bai bi ta huhu ba, yaro ya yi shuɗi. Tsohuwar dabara, wadda ake kira da sunayen likitocin da suka ƙirƙiro ta, Senning da Mustard, ita ce a karkatar da jinin a cikin zuciyar, a bar jijiyoyin yadda suke. Yara kan tsallake tiyatar, sai dai bayan shekaru zuciyar takan gaji, bugunta ya rikice. A 1975 Adib Jatene a Barazil ya yi nasarar gyara daga tushe: a yanke jijiyoyin biyu a mayar da kowacce mazauninta. Wahalar tana wajen 'yan ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da naman zuciyar kanta, waɗanda a jariri ɗan kwana goma kaurinsu bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Dole a ciro su a sake dasa su, kuma in ɗaya ta ɗan lanƙwashe ko aka ja ta da yawa, zuciyar ba za ta tashi ba. Cibiyoyi da dama da suka koma wannan hanya sun ga mace-mace sun ƙaru kafin su ragu. Aikin ya cancanci a koye shi, yau shi ake yi ko'ina. Amma an san tun farko cewa yaran da ke gaban layi su za su ɗauki nauyin koyon. Shin iyayensu sun san inda 'ya'yansu suke a layin?

A Biristol da ke Ingila ba su sani ba. Stephen Bolsin, likitan sa barci, ya kama aiki a babban asibitin birnin a 1988. Irin aikinsa kan sa mutum ya ga abin da ba kowa ke gani ba, domin shi ke tsaye wajen kan yaro daga farko har ƙarshe, idonsa na kan na'ura da agogo. Ya lura tiyatar yara na ɗaukar lokaci fiye da yadda ya saba gani, kuma waɗanda ba sa tashi sun yi yawa. Ya rubuta wa shugaban asibitin a 1990, bai ga canji ba, sai ya shiga tattara alƙaluma da kansa. A Janairun 1995 aka shirya yi wa wani yaro ɗan wata 18 aikin musayar jijiya. Ana gobe za a yi aka zauna taro, Bolsin ya ce kada a yi, aka rinjaye shi. Yaron ya rasu a kan teburin tiyata.

Hukumar da ke ba likitoci lasisi a Birtaniya ta duba tiyata 53 da likitoci biyu suka yi, yara 29 sun mutu a ciki. A 1998 ta soke lasisin ɗaya daga cikinsu, James Wisheart, da na shugaban asibitin, John Roylance, ta kuma hana ɗayan, Janardan Dhasmana, yi wa yara tiyatar zuciya har shekara uku. Kwamitin binciken da Ian Kennedy ya jagoranta ya fitar da rahoto a 2001, inda ya ƙiyasta cewa tsakanin 1991 da 1995 an rasa yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya 30 zuwa 35 fiye da yadda za a rasa da a wata cibiyar aka yi musu aikin. Rahoton bai kira likitocin mugaye ba. Ya nuna mutane ne masu ƙwazo da kyakkyawar niyya a cikin tsarin da ya lalace: ɗakin tiyata a wani gini, likitocin zuciyar yara a wani, iko a hannun 'yan tsirarun manya da ba a ja da su. Na yarda da wannan. Amma kyakkyawar niyya ba ta wanke abu ɗaya: an riƙa faɗa wa iyaye alƙaluman haɗari da suka saɓa wa ainihin sakamakon asibitin, alhali akwai wasu cibiyoyi a ƙasar da za su iya kai 'ya'yansu.

A cikin waɗannan shekarun, a Landan, wani likitan ya shiga irin wannan hali ya fita ta wata ƙofar. Marc de Leval na asibitin yara na Great Ormond Street ya yi wa jarirai 52 aikin musayar jijiya, ɗaya kaɗai ya rasu. Sai ga shi cikin 16 da suka biyo baya bakwai sun tafi. Gwani ne da ake ji da shi, da ya ce yaran ne suka zo da rauni babu mai musa masa. Ya dakata, ya tafi wata cibiya mai kyakkyawan sakamako ya sake koyo, ya dawo mace-macen suka ragu. Sannan a 1994 ya buga jerin duka, jarirai 104, a mujallar likitoci, kowa ya ga inda ya faɗi da inda ya miƙe. In aka tambaye ni me ake nufi da likita ya ɗauki alhaki, wannan zan nuna. Yana ƙirgawa, kuma da lissafi ya nuna masa abin da ransa ba ya so, bai tsaya gardama da shi ba.

Na san amsar da likitoci ke bayarwa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa kowane gwani ɗan koyo ne a da, in kowa ya ƙi zama na farko ko na biyar, daga ina gwanaye za su fito? Gaskiya ne. Amma in dai ba za a iya koyon aiki ba sai an ɓoye wa mai jikin cewa da shi ake koyo, to yardarsa ba a same ta ba, an dai samu sa hannunsa. Kuma zaɓin bai tsaya tsakanin ɓoyewa da daina koyo ba. Mutum zai iya yarda sabon direba ya ja shi doguwar tafiya in ya ga tsohon hannu a zaune a gefensa. Haka nan mara lafiya zai iya amincewa in aka ce masa: "Wannan ne karo na shida da zan yi, biyar ɗin farko sun tafi lafiya, kuma likitan da ya yi fiye da ɗari zai tsaya tare da ni har a gama. In ka fi son a tura ka wurinsa kai tsaye, zan rubuta maka takarda." Wasu za su tafi, haƙƙinsu ne. Da yawa za su zauna, domin mutumin da ya faɗa maka abin da zai iya sa ka guje shi, shi ne za ka fi yarda da sauran maganarsa.

Kotuna ma kansu a rabe yake. A 1996 kotun ƙolin jihar Wisconsin ta Amurka ta yanke cewa ƙarancin gogewar likita bayani ne da ya kamata mara lafiya ya ji kafin ya amince, a shari'ar wata mata da likita ya kambama mata yawan aikin jijiyar ƙwaƙwalwa da ya yi. A 2001 takwararta ta Pennsylvania ta ce gogewar likita ba ta cikin sharuɗɗan amincewa. Kotun ƙolin Birtaniya kuwa a 2015, a shari'ar Montgomery, ta ce ma'aunin abin da za a faɗa shi ne abin da mai hankali a matsayin mara lafiyar zai ɗauka da muhimmanci, ba abin da likitoci suka saba faɗa ba. Ban ga mai hankalin da za a taɓa masa zuciya ya ce bai damu da sanin ko hannun ya saba ba.

Akwai wata ƙorafin da ta fi wannan ƙarfi. In aka bayyana sakamakon kowane likita, ba za su riƙa gudun masu tsananin ciwo don kada lissafinsu ya ɓaci ba? Jihar Niyu Yok ta gwada. Tun ƙarshen shekarun 1980 take tattara sakamakon tiyatar jijiyoyin zuciya, aka fara da asibitoci, daga baya har da sunayen likitoci bayan wata jarida ta kai ƙara. Tsakanin 1989 da 1992 mace-mace sun ragu da kashi 41 cikin ɗari bayan an yi la'akari da tsananin ciwon kowa, kuma wasu likitocin da ke yin aikin jefi-jefi da mummunan sakamako sun daina. Amma da aka tambayi likitocin fiɗa na jihar daga baya, da yawa sun amsa cewa sun taɓa ƙin karɓar mai tsananin ciwo saboda tsoron jadawalin. Wannan illa ce ta gaske. Maganinta a gyara ma'aunin, a auna sakamakon tawaga gaba ɗaya, a ware waɗanda aka kawo rai a hannun Allah a lissafa su daban. Komawa duhu ba magani ba ne, mun ga abin da duhu ya haifar a Biristol.

Sai ɗaya nau'in sabuntar, wadda babu gwanin da za a kira ya tsaya a gefe, domin kowa ɗan koyo ne. Nan likita zai iya zama mai gaskiya, ƙwararre, kuma a kan kuskure. A shekarun 1950 an yi yayin wani aiki na ɗaure wata jijiyar da ke bayan ƙashin ƙirji don maganin ciwon ƙirji, marasa lafiya suna ta cewa sun ji sauƙi. A 1959 Leonard Cobb a birnin Seattle ya gwada a kan mutum 17: wasu aka ɗaure musu jijiyar, wasu aka tsaga fata kawai aka ɗinke, ba su san wanda aka yi wa wanne ba. Duk ɓangarorin biyu suka ce sun ji sauƙi. Aikin ya mutu daga nan. Wannan ya sa ba na ɗaukar "duk waɗanda na yi wa sun gode" a matsayin hujja, ko daga bakin wa ta fito.

Na'urori sun fi wannan rikitarwa, saboda akwai ciniki a ciki. Wani samfurin bawul na ƙarfe mai suna Björk-Shiley an sa wa mutane wajen 86,000 tsakanin 1979 da 1986. Ɗan ƙarfen da ke riƙe murfinsa ya karye a jikin fiye da mutum 600, kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan suka mutu, kuma wani kwamitin majalisar dokokin Amurka ya zargi kamfanin da ya ƙera shi a 1990 da rashin fitowa fili da abin da ya sani. Sauran da ke ɗauke da bawul ɗin aka bar su da zaɓi mai ɗaci: a sake buɗe ƙirji, ko a zauna da fargaba. Na baya-bayan nan akwai ragar buɗe jijiya mai suna Absorb, wadda aka ƙera don ta narke bayan ta gama aikinta. Tunanin ya yi kyau a takarda. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita a Yulin 2016, gwaje-gwaje suka nuna jini ya fi daskarewa a cikinta fiye da ragar ƙarfe da aka saba, aka daina sayar da ita a Satumban 2017.

Ko bawul ɗin da ake sa wa ta cinya, wanda na yaba, akwai abin faɗa. A 2019 aka faɗaɗa shi a Amurka zuwa ga waɗanda za su iya jure buɗe ƙirji, kuma matsakaicin shekarun mutanen da aka yi gwajin da su ya haura saba'in. Da naman dabba ake yin bawul ɗin, kuma yana tsufa. Mai shekara tamanin ba lallai ya riski lalacewarsa ba, amma mai hamsin da biyar zai iya riska, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya. Mutum na jin "ba yanka, gobe ka koma gida" ya gama yanke shawara a ransa. Aikin likita ne ya ja masa birki ya nuna masa shekara goma sha biyar masu zuwa. In kuma kamfanin da ya ƙera na'urar yana biyan likitan kuɗin horar da wasu ko na lacca, wannan ma a faɗa. Karɓar kuɗin ba laifi ba ne, amma mai zuciyar ya cancanci ya sani.

To, an yi aiki, abu ya ɓaci. Kalmomin da iyali ke ji a bakin ƙofa kusan iri ɗaya ne ko'ina: "Mun yi iya ƙoƙarinmu." "An samu matsala." "Sai haƙuri." A ƙarƙashin wannan "matsala" abubuwa uku ne ke kwance, kuma ba ɗaya suke ba. Akwai haɗarin da aka sani, wanda kan faru ko a hannun wa. Akwai kuskure, abin da da an yi daidai da bai faru ba. Akwai kuma ganganci, mutum ya san bai iya ba ko ya san sakamakonsa ya lalace ya ci gaba. Iyalin da ba a bambance musu waɗannan ba, ɗayan biyu ne: ko su yafe abin da ba su san an yi musu ba, ko su zargi wanda bai yi laifi ba. Mai imani zai ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke alhaki daga kan mai sakaci ba. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da raba hukuncin ƙwararren da aka ba izini ya yi aikinsa daidai da na wanda ya kutsa cikin abin da bai iya ba. Kalmar haƙuri daga bakin mai ta'aziyya daban, daga bakin wanda ya san abin da ya faru ya rufe daban.

A Fabrairun 2003 a asibitin Jami'ar Duke da ke Amurka aka dasa wa wata yarinya mai shekara 17 zuciya da huhu. Jininta rukunin O ne, na wanda aka ciro sassan rukunin A. Mutane da yawa lamarin ya bi ta hannunsu, kowa ya ɗauka wani ya duba. Ana dab da gama aikin sakamakon ɗakin gwaji ya iso. Likitan ya fito ya faɗa wa iyayen cewa an yi kuskure, daga baya ya fito fili ya ce alhakin na wuyansa. An sake yi mata wani dashen bayan kusan mako biyu, ba ta rayu ba. Faɗar gaskiya ba ta dawo da ita ba, amma saboda an kira abin da sunansa, aka sa dokar cewa sai mutum fiye da ɗaya ya tabbatar da rukunin jini kafin a ci gaba. Da an ce wa iyayen jikinta ne ya ƙi karɓa, wanda a zahiri ba ƙarya ba ne, da ramin na nan buɗe yana jiran na gaba.

Asibitoci kan ji tsoron cewa amsa kuskure gayyatar lauya ne. Asibitocin Jami'ar Michigan sun gwada akasin haka tun 2001: in an yi kuskure a faɗa, a ba da haƙuri, a yi tayin diyya, in kuma ba a yi ba a bayyana dalili a tsaya a kai. Binciken da aka buga a 2010 ya nuna ƙararrakin da ake kai su kotu sun ragu da fiye da rabi, lokacin warware taƙaddama ma ya ragu. Ba abin mamaki ba ne. Da yawa daga masu zuwa kotu amsa suka je nema, bayan sun yi ta ƙwanƙwasa ƙofa ba a buɗe ba. Ingila ta mayar da wannan doka a 2014, ta wajabta wa asibitocin gwamnati sanar da mara lafiya ko iyalinsa in an cutar da shi.

Inda nake rabuwa da masu zafin rai shi ne batun ɗauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin goma na cutuwa a yayin da ake kula da lafiyarsa. Abin da ya kai wannan yawa ba a gama da shi ta hanyar kama mutum ɗai-ɗai. Dakta Hadiza Bawa-Garba tana aiki a wani asibiti a birnin Leicester na Ingila a 2011, ranar da ma'aikata suka yi ƙaranci kuma kwamfutar fitar da sakamakon gwaji ta lalace, wani yaro ɗan shekara shida ya rasu a hannunta. Ta yi kurakurai, ba a musa ba. Kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci a 2015, aka soke lasisinta a farkon 2018, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar mata a watan Agustan shekarar. Darasin da likitoci da yawa suka ɗauka daga shari'ar shi ne kada ka rubuta kuskurenka a ko'ina. Wannan asara ce ga marasa lafiyar gobe. Ni da zan tsara, kuskuren da aka bayyana a kan lokaci a bi shi da bincike, gyara da diyya. Hukunci mai tsanani, har da ƙwace lasisi, a ajiye shi ga wanda ya ɓoye, ya sauya abin da ke cikin fayil, ya ƙara gishiri a gogewarsa, ko ya ci gaba da yanka bayan alƙaluma sun ce ya tsaya. Niyuzilan tun 1974, Suwidin tun 1975, suna da tsarin biyan wanda ya cutu ba sai ya tabbatar da laifin wani likita a kotu ba, abin da ke sa likita ya iya taimaka wa mara lafiyarsa neman haƙƙinsa maimakon su zama abokan gaba.

Duk wannan ba zai yi aiki ba in babu mai ƙirgawa, kuma mai ƙirgawar sau da yawa ba babban likita ba ne. Mai sa barci ne, ko nas ɗin ɗakin kulawa ta musamman da ke ganin gadon da aka kwashe da asuba, ko mai kula da injin zuciya da huhu. Kafin asibiti ya fara sabon aiki ya kamata a rubuta a ƙasa: kowane mara lafiya zai shiga rajista, wani daga waje zai riƙa dubawa, kuma in mace-mace suka kai kaza za a tsaya. A sa wannan iyaka tun kafin a fara, domin bayan an fara kowace mutuwa tana zuwa da uzurinta. Sannan a kare wanda ya ɗaga murya. Bayan an gyara tsarin Biristol, mutuwar jarirai a tiyatar buɗe zuciya a can ta sauko daga kashi 29 cikin ɗari a farkon shekarun 1990 zuwa kashi 3 tsakanin 1999 da 2002. Shi kuwa Bolsin bai ga wurin zama a aikin likita a ƙasarsa ba, ya tattara ya koma Ostireliya, can ya ci gaba da aikinsa.